Yaron da baƙi ya ƙi zama masa: yadda ake gane disleksi da yadda ake kai yaro a auna shi

A kusan kowane aji na makarantun boko na garin Tawa, a Nijar, akwai yaro ɗaya ko biyu da lamarinsu ke ɗaure wa malamai da iyaye kai. Idan aka aiki irin wannan yaro kasuwa ba a cutarsa wajen canji, idan aka yi tatsuniya da dare shi ne zai maimaita ta gobe ba tare da ya zubar da ko gaɓa ɗaya ba, a makarantar allo kuma ya riga tsaransa haddace ƙananan surori da ka, amma da zarar an buɗe masa littafi an ce ya haɗa baƙi sai ya tsaya cik, ya dubi mushe, wato malamin aji, ya dubi ƙasa, ya fara cinke. Shekara ta farko a ce ƙuruciya ce, ta biyu a ce wasa ya yi masa yawa, ta uku kuwa sunan ya riga ya bi shi: daƙiƙi, rago, wanda kansa ba ya ja. Daga nan sai bulala, sai maimaita aji, sai a wayi gari an cire shi an kai shi gareji ko an ɗora wa yarinya farantin talla. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna da wata larura ce da likitoci ke kira disleksi, wato matsananciyar wahalar koyon karatu da rubuta kalmomi daidai ga yaron da hankalinsa lafiya lau yake, kuma an koyar da shi kamar yadda aka koyar da sauran.

Larurar ba sabuwa ba ce ga masana. A shekarar 1887 wani likitan ido na Jamus mai suna Rudolf Berlin ya fitar da ɗan littafi da ya yaɗa wannan suna, wanda aka ƙera daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wahala da kalma. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya iya lissafi amma karatu ya gagare shi, har malaminsa yana ganin da a ce da baki ake yin duk darasi da shi ne zai zama na ɗaya a makarantar. Da yake likitocin ido suna cikin waɗanda suka fara lura da abin, an daɗe ana kiransa makantar kalma, kuma wannan tsohon zato na cewa matsalar a ido take har yau bai mutu ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tushen abin yana ga yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan magana. Kafin yaro ya iya karatu dole ya gane cewa kalmar da yake faɗa a dunƙule, kamar kaza, tana da gaɓoɓi biyu, kowace gaɓa kuma tana da sautuka, sannan ya ɗaura kowane sauti a kan harafinsa har abin ya zame masa jiki. Mai disleksi yana jin magana sarai, yana fahimtarta, amma wannan aiki na ɓarje kalma zuwa sautuka da mayar da ita a dunƙule yana yi masa nauyi ƙwarai, shi ya sa duk ƙarfinsa ke ƙarewa wajen tono haruffa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Ana haifar mutum da ita, tana bin jini, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin wayo. Sau da yawa idan aka bincika za a tarar akwai uba, ko kawu, ko baffa da boko ta gagare shi alhali ya zama gwani a fatauci ko ƙira ko gyaran mota. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 5 zuwa 10 cikin 100 suna da ita, wanda ke nufin a ajin da aka cusa yara 80 ana iya samun huɗu zuwa takwas. Tana samun maza da mata, sai dai an fi lura da maza domin su ne ke mayar da takaicinsu hatsaniya, yarinya kuwa takan yi shiru a bayan aji tana kwafar abin da ke allo da kyakkyawan rubutu ba tare da ta iya karanta ko layi ɗaya daga cikinsa ba.

Wahalar da ta keɓanta da mu

A nan ne jagorar da aka rubuta don Faransa ko Kanada ba ta wadatar da mu. A can, idan yaro ya kai shekara takwas bai iya karatu ba, ya fita daban a cikin ajinsa, kowa ya gan shi. A Nijar kuwa yaron da ya tashi da Hausa, ko Tamajak, ko Fulatanci, yana shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare, a fara koya masa haɗa baƙi cikin Faransancin da bai taɓa ji a gida ba, sau da yawa a rumfar zana wadda ba a kafa ta sai an gama girbi, da littafi ɗaya a hannun yara da yawa. Awon ilimin ɗalibai na PASEC da ƙasashe masu amfani da Faransanci ke yi, na 2014 da na 2019, duka sun nuna cewa mafi yawan yaran Nijar suna kammala firamare ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. Ba zai yiwu a ce dukansu disleksi ke damunsu ba. Saboda haka aikin uba ko malami a Tawa ba shi ne kawai ya ga yaro ba ya karatu ba. Aikinsa shi ne ya rarrabe yaron da ba a koyar da shi yadda ya kamata ba da yaron da aka koyar amma baƙi ya ƙi zama masa. Duk matakan da ke tafe don wannan rarrabewa ne, kuma tsarinsu yana da muhimmanci, domin wanda ya tsallake na farko ya ruga Yamai wajen ƙwararre zai kashe kuɗin mota a banza.

Shi kansa Faransanci yana ƙara wa borno dawaki, domin sauti ɗaya ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa, kamar o da au da eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Rubutun Hausa na boko ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba: ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka. Tun 1973 ake gwada makarantu masu fara koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga mai neman gane disleksi wannan yana da amfani kai tsaye, domin Hausa ita ce ma'aunin da zai cire uzurin baƙon harshe daga cikin lissafi.

Fara da lura, kuma a rubuta

A samu kaye guda, wato littafin rubutu, a keɓe shi don wannan aiki, a riƙa rubuta abin da aka gani da kwanan wata, domin abin da aka riƙe da ka yakan rikiɗe ya zama fushi ko tausayi, ƙwararre kuwa misalai yake bukata. Tun kafin shiga makaranta akwai alamu: jinkirin fara magana, juya gaɓoɓin kalma har bayan tsaransa sun daina, wahalar riƙe jerin ranakun mako ko waƙoƙin wasa, da yawan cewa abin nan, abin nan, alhali ya san sunan abin amma ya ƙi zo masa baki. A CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, za a ga yana koyon harafi yau gobe ya ɓace kamar ba a taɓa nuna masa ba, ko ya san b ya san a amma ya kasa haɗa su su ba da ba. Daga CE1, wato aji uku, zuwa sama karatunsa yana tafiya da ɗingishi, yana kallon harafin farko ya ƙirƙiro sauran kalmar, yana tsallake ƙananan kalmomi, a dikte kuma, wato rubuta abin da malami ke faɗa, yana iya rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi ɗaya. Babbar alamar da ta fi kowace nauyi ita ce tazarar da ke tsakanin kunnensa da idonsa: idan aka karanta masa labari ya amsa tambayoyi daidai, idan aka ba shi ya karanta da kansa ya rasa komai.

Mutane sun fi sanin juya haruffa, wato rikita b da d ko p da q, har wasu suna ɗauka shi ne larurar gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Yara da yawa suna yin wannan har wajen shekara bakwai su daina, kuma akwai masu disleksi da ba sa yi sam. Sai idan ya daɗe kuma ya haɗu da sauran alamun ne yake da ma'ana.

Kada a manta da malamin allo, domin shaida ne mai daraja wanda ba a cika tambaya ba. Ya ga yaron a wani rubutu daban, kuma ya san ko ya wuce babbaƙu da farfaru cikin lokacin da tsaransa suka wuce, ko kuwa yana biya allonsa ne da hadda, yatsansa yana wani wuri bakinsa yana wani wuri, yana kuma rikita haruffan da ɗigo kawai ya raba su. Idan baƙi ya ƙi zama a boko kuma ya ƙi zama a allo, alhali hadda tana tafiya, zato ya yi ƙarfi. Idan kuwa yana karanta allonsa tiryan-tiryan, har ya iya tattashiyar inda bai taɓa gani ba, to da wuya matsalar ta zama disleksi, sai a nemi dalilin a wajen Faransanci ko yadda ake koyarwa.

Akwai ɗan gwaji da uwa ko yaya za su iya yi a tsakar gida cikin Hausa zalla, ba takarda ba alƙalami, a matsayin wasa. A ce wa yaro ya faɗi tukunya, sannan ya sake faɗa ba tare da tu ba. Amsar ita ce kunya. Gishiri ba gi ya zama shiri, makaranta ba ma ta zama karanta. A tambaye shi wace kalma ce ta fita daban a farkon sauti tsakanin kare, kifi da gida. A ce ya cire sautin farko na kaza ya sa na farkon gida, a ga ko zai kai ga gaza. A ƙirƙiro kalmomin da ba su da ma'ana, kamar lafuki ko darimoso, a ce ya maimaita. A lura kuma da yadda yake yi da zaurance, wanda yara ke koya wa junansu ba malami, domin shi ma wasa ne na tsinka kalma gaɓa-gaɓa a cusa wata a tsakani. Sharaɗin gwajin shi ne a yi shi da wasu yara biyu ko uku tsaransa, kowa shi kaɗai, domin abin da ake nema shi ne bambanci. Wannan ba hukunci ba ne, kuma ba ya ba kowa ikon laƙaba wa yaro suna. Haske ne kawai da zai nuna ko akwai dalilin ci gaba.

Ganawa da malamin aji

Mataki na gaba shi ne zuwa makaranta, kuma yadda aka shiga shi ke yanke yadda za a fito. Malamin da ke fama da yara masu yawa, watakila ɗan kwantiragi ne da albashinsa bai taka kara ya karya ba, idan ya ji alamar an zo tuhumarsa zai rufe ƙofa. A gaishe shi yadda ya dace, a nemi lokacin da ba ya cikin aji, a ce masa misali: Mushe, yaron nan naku ne ya kawo ni, mun ga karatu yana yi masa nauyi, mun zo mu ji abin da kuka gani da shawarar da za ku ba mu. Sannan a yi tambayoyi masu amsa: a cikin ajin nan yara nawa ne suka fi shi rauni a karatu, yaya yake a lissafin ka da amsa tambaya da baki, kwana nawa ya yi fashi bana, a ina yake zama, kuma malamai nawa suka riƙe ajin tun daga CI. Idan amsar ita ce rabin ajin haka suke, matsalar ta aji ce, kuma wurin kai ta shi ne darektan makaranta da kwamitin iyaye. Idan kuwa ya ce yaron yana cikin na gaba a komai sai karatu da dikte, a roƙe shi ya rubuta hakan a takarda ya sa hannu.

A gidajen da ake alkunyar ɗan fari, inda uwa ba ta iya tsayawa gaban mutane ta yi magana a kan ɗanta, bai kamata wannan ta sa a bar yaron ba mai bin kadinsa ba. Goggo, ko inna, ko kawu, duk wanda ya san yaron sosai ya je, amma uwar ta ba shi labarin ciki da haihuwa da lokacin fara magana, domin za a tambaya.

Asibiti kafin ƙwararre

Babu wanda zai iya cewa yaro yana da disleksi sai an tabbatar yana gani kuma yana ji. Wannan ana iya farawa a Tawa, daga asibitin unguwa zuwa babban asibitin jiha. A nemi awon ido na nesa da na kusa, domin yaron da ba ya ganin allo daga layin baya tabarau ne maganinsa. Awon ji ya fi wannan muhimmanci kuma an fi sakaci da shi: ciwon kunne mai zubar da ruwa da ya yi ta dawowa, ko sanƙarau da aka sha a baya, suna iya rage ji kaɗan ta yadda yaro yana amsa kira amma ba ya rarrabe sautuka masu kama da juna, balle a harshen da bai sani ba. A gaya wa likitan yara duk abin da ya taɓa faruwa: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya kai ga suma ko jijjiga, tamowa a ƙuruciya, ƙarancin jini, wahalar haihuwa, buguwa a ka. Idan yaron mai sikila ne a faɗa tun farko, domin cutar tana iya taɓa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga shanyewar jiki ba, kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a Yamai. Haka nan yaron da kan ɗauke wuta na ƴan daƙiƙu yana zuru da ido sau da yawa a yini, ana iya zaton shashanci ne alhali wani nau'in farfaɗiya ne mai magani.

Idan duk wannan ya fita lafiya, saura abu ɗaya kafin tafiya, kuma a ganina shi ne ya fi kowane mataki amfani a halin da muke ciki. A ba yaron koyarwa ta musamman, shi kaɗai ko cikin yara biyu zuwa uku, minti 20 kowace rana, ana bin sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, tsawon wata shida. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013, wanda likitoci da yawa a duniya ke bi, ya sa sharaɗin cewa wahalar ta ɗore aƙalla wata shida duk da taimakon da aka bayar kafin a kira ta larura. Yaron da rashin koyarwa ne ya hana shi zai zabura cikin ƴan makonni kamar shukar da ta samu ruwa. Mai disleksi shi ma zai motsa, amma a hankali, da yawan mantuwa da komawa baya. Ko ta wace hanya aka bi ba a yi asara ba.

Awon kansa

Wanda aikinsa ne auna karatu da magana shi ake kira ortofonis a asibitocinmu, wato ƙwararren gyaran magana da harshe. Ba su da yawa a ƙasar, kuma a Yamai aka fi samunsu. Da yawa daga masu wannan sana'a a Afirka ta Yamma a Lome ta Togo suka yi karatu. Hanyar da ta fi tabbas ita ce likitan yara ko na kunne ya rubuta takardar turawa ya kuma faɗi wanda za a nema, ko a yi tambaya a sashen yara ko na kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin Yamai, kamar Asibitin Ƙasa da na Lamorde. A tambayi ofishin sufeton makarantun firamare ko akwai mai kula da ilimin yara masu bukata ta musamman, domin ƙungiyoyi irin su Humanity & Inclusion sun yi aiki da ma'aikatar ilimi a wannan fanni. Wani lokaci ana haɗawa da masanin halayyar ɗan Adam don ya auna basira da natsuwa, saboda disleksi takan zo tare da rashin iya tattara hankali ko wahalar lissafi.

Game da lokaci, a Faransa ba a cika yanke hukunci ba sai yaro ya yi kusan shekara biyu yana koyon karatu, wato wajen ƙarshen CE1. Ga yaranmu da ke koyo cikin harshe na biyu bai dace a yi gaggawar da ta fi wannan ba, amma kuma jira har CM2, ajin ƙarshe na firamare, zalunci ne. Idan akwai jinkirin magana ko tarihin abin a dangi, ana iya ganin ƙwararre tun kafin nan don a fara taimako ko da ba a sa suna ba.

Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, saboda haka kada a kama hanya sai an yi waya an tsayar da rana, an tambayi kuɗin awon da na rubuta rahoto, da yawan zaman da za a yi, domin wani awon ba ya ƙarewa a zama ɗaya. A tambaya tun a waya ko mai awon yana jin Hausa, in ba ya ji a nemi izinin zuwa da tafinta. Kada a kai yaro ranar da ya sauka daga mota. Ya kwana, ya karya kumallo, ya zo da tabaransa idan yana da shi. A riƙo karnen asibiti, wato ɗan littafin da ake rubuta tarihin lafiyarsa, sakamakon awon ido da kunne, takardun sakamakon makaranta, kayen dikte na bana da na bara ba tare da an zaɓe masu kyau ba, takardar malamin aji, da kayen lura da aka fara tun farko. Shi kuma yaron a gaya masa gaskiya da lafazi mai taushi, cewa ba allura ba ce kuma ba jarrabawar faɗuwa ba ce, za a duba ne a gano hanyar da karatu zai fi yi masa sauƙi.

A ɗakin awo za a fara da tambayar iyaye tarihi, sannan a zauna da yaron. Za a sa shi karanta kalmomi na gaske da na ƙirƙira, domin na ƙirƙira ba a iya cinkarsu, sai an haɗa baƙi da gaske. Za a auna saurinsa da agogo, a yi masa dikte, a gwada wasannin sauti irin waɗanda aka ambata, a sa shi ambaton sunayen hotuna ko launuka a jere da sauri, a ga yawan lambobin da zai iya maimaitawa, a kuma gwada fahimtarsa idan an karanta masa. Wani sanannen gwaji na Faransanci mai suna Alouette, wanda aka fitar a 1967, rubutu ne da aka tsara shi ba ma'ana mai bin juna, yaro ya karanta cikin minti uku a ƙirga kalmomi da kurakurai. A nan akwai tambayar da ya wajaba uba ya yi ba tare da jin nauyi ba: da waɗanne yara aka gwada ɗana? Ma'aunan irin waɗannan gwaje-gwaje an ɗauke su ne daga yaran da Faransanci ne harshen gidansu, kuma idan aka ɗora ɗan Tawa a kansu kai tsaye, ko lafiyayye ne zai fito kamar mai larura. Ƙwararren kirki ya san wannan, zai gwada sautuka cikin harshen yaron, zai dubi irin kurakuran ba yawansu kawai ba, kuma zai ba tarihin wata shidan nan na koyarwa nauyi.

Kada a baro wurin sai da rahoto a rubuce mai sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi abin da aka samu, abin da yaron ya fi ƙarfi a kai, abin da malami zai yi a aji, abin da za a yi a gida, da lokacin dawowa. A nemi a bayyana shi da Hausa kafin a tashi. Makaranta kwafi ake ba ta, asalin ya zauna a gida.

Bayan an dawo

Disleksi ba ta da ƙwaya, ba ta da allura, kuma ba ta warkewa kamar zazzaɓi, amma koyarwar da ta dace tana kai mafi yawan masu ita ga karatu mai amfani, ko da saurin da rubuta kalma daidai za su ci gaba da yi musu nauyi. Tabarau masu launi da motsa ido da ake tallatawa ba su da hujjar da ta tabbata, kuma ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun faɗi haka a sanarwar haɗin gwiwa. Addu'a da roƙon Allah buɗi ba wanda zai hana, sai dai a yi hattara da mai cewa sammu ne ko iska ya kuma yanka kuɗi, domin yaron da aka gaya masa an yi masa asiri ya samu dalilin daina ƙoƙari.

Tun da zuwa Yamai kowane mako ba zai yiwu ba, a roƙi ƙwararren ya tsara darussan da wani zai riƙa bi a Tawa, ana tuntuɓarsa ta waya. Ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan kullum, sauti ɗaya sai ya zauna kafin a ƙara wani, ana haɗa ido da kunne da hannu: ya faɗi sautin yana zana harafin a rairayi da yatsa, ya gina shi da laka, ya ajiye tsakuwa ɗaya ga kowane sautin da ya ji a kalma, a rubuta gaɓoɓi a marafan kwalba ya riƙa jera su yana sauyawa. Idan da hali a fara da kalmomin Hausa, inda harafi ba ya yaudara, sannan a ƙetara da dabarar zuwa Faransanci. Wanda zai yi wannan aiki haƙurinsa ya fi takardar shaidarsa muhimmanci, kuma mai saurin hannu, ko uban yaron ne, a nisanta shi da darasin. Tsoro yana cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe sautuka kafin ta haɗa su, shi ya sa bulala ke ƙara dagula abin da ake son gyarawa.

A makaranta abubuwan da za a roƙa ba sa cin ko dala: a zaunar da shi gaba, kada a tashe shi karatu gaban aji ba shiri sai dai a ba shi layukan tun jiya, a rage masa tsawon dikte ko a ba shi mai guraben cikewa, a karanta masa tambayoyin lissafi da na tarihi, a karɓi amsarsa da baki inda ya yiwu, kada kuma a rage masa maki a kimiyya saboda kuskuren harafi. A Faransa ana ƙara wa irin waɗannan ɗalibai kashi ɗaya cikin uku na lokacin jarrabawa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman a 2008, saboda haka neman sauƙi a jarrabawa irin ta BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, ba roƙon alfarma ba ne, amma a shigar da buƙatar a rubuce ta hannun darekta tun farkon shekara tare da kwafin rahoton, kada a bari sai ana saura mako. Maimaita aji shi kaɗai, da malami ɗaya da hanya ɗaya, ba ya gyara komai. Don kada sauran ilimi ya wuce shi yayin da karatu ke rarrafe, yaya ko makwabci ya riƙa karanta darasin tarihi da na kimiyya a naɗa a waya, yaron ya saurara da dare.

Ci gaba kuma a auna shi da lamba, kada a dogara da gani. Sau ɗaya a wata a ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, daidai matakinsa, a kunna agogon waya minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a rubuta a kayen nan tare da kwanan wata da irin kurakuran da ya yi. A gwada shi da kansa na watan jiya, ba da ƙanensa ba. Idan wata uku suka wuce lambar ba ta motsa ba alhali ana yin darasin kullum, a ɗauki hoton shafukan a aika wa ƙwararren, a nemi ya sauya tsarin ko ya sa ranar sake ganin yaron.